Tsohon hannu ko ɗan tsaka-tsaki: wanne ya fi cancantar ƙuri'ar mutumin Kaduna?

Da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har rumfunan Kasuwar Barci da tashar Kawo. Wani zai ce ƙasar nan ta fi ƙarfin ɗan koyo, a ba wanda ya daɗe ana damawa da shi, ai da tsohuwar zuma ake magani. Wani ya ce a'a, shugabanni masu ɗaukar ɓangare ne suka kai mu inda muke, a nemo mutum mai sassaucin ra'ayi wanda Musulmi da Kirista, ɗan Kudu da ɗan Arewa, kowa zai kwanta barci ba fargabarsa. Akwai kuma na uku, wanda ba ya son kowanne cikin biyun, shi mai aƙida yake nema, wanda ba ya lanƙwasuwa ko da sama da ƙasa za su haɗu. A ganina dukansu abu ɗaya suke nema ba su ambaci sunansa ba: mutumin da zai yanke hukunci daidai ranar da al'amura suka rikice. Gogewa da sassauci alamu ne kawai na wannan basira, kuma abin da ya faru a ƙasar nan, musamman wanda aka yi a kan idonmu a Kaduna, ya nuna kowaccensu tana iya yaudarar mai zaɓe.

Mu fara da gogewa, tunda ita ta fi saurin shiga kunne. Masu kare ta suna da hujja. Wanda ya taɓa riƙe jiha ko ma'aikata ya san yadda ake haɗa kasafin kuɗi, ya san umarnin da aka bayar daga fadar shugaban ƙasa yana iya mutuwa a kan teburin wani darakta, ya san gwamnoni 36 ba yaransa ba ne da zai tsawata musu su yi shiru. Da Obasanjo ya dawo mulki a 1999, bayan ya riƙe ƙasar a kakin soja daga 1976 zuwa 1979, cikin abubuwan farko da ya yi akwai sallamar hafsoshin sojan da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa. Wanda bai san barikin soja ciki da bai ba da wuya ya gane cewa nan ne hatsarin yake, kuma tun daga lokacin ba a sake yin juyin mulki ba. A 2005 kuma gwamnatinsa ta samu yafiyar bashin dala biliyan 18 daga ƙasashen da ke bin mu bashi, aikin da sai wanda duniya ta san shi, shi ma ya san ƙofofinta. Wannan amfanin gogewa ne, ba mai musun sa.

Amma a ƙarƙashin wannan gogaggen ne aka yi yunƙurin sauya kundin tsarin mulki don a buɗe ƙofar wa'adi na uku, har sai da majalisar dattawa ta yi watsi da shi a watan Mayun 2006. Shi dai ya sha musanta cewa yana da hannu. Ko ma dai yaya ne, zaɓen 2007 da aka shirya a ƙarƙashinsa ya zama abin kunya har wanda ya ci shi ya faɗa da bakinsa cewa akwai kurakurai a ciki.

Labarin Yakubu Gowon ya fi ba ni abin tunani, kuma shi ɗan gida ne, a Wusasa ya tashi, a Barewa ya yi karatu. Yana da shekara 31 aka ɗora masa ƙasa a 1966, bai taɓa riƙe ko ƙaramar hukuma ba. Me ya yi? Ya san iyakarsa. Ya saki Awolowo daga kurkuku, daga baya ya ba shi kula da kuɗin ƙasa, ya jawo Malam Aminu Kano da Joseph Tarka da Anthony Enahoro cikin gwamnati, mutanen da suka girme shi kuma suka fi shi sanin siyasa nesa ba kusa ba. Ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, abin da ya kwantar wa ƙananan ƙabilu hankali. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Wannan Gowon ɗan koyo ne. Gowon da ya shekara takwas a kan kujera, wanda ya goge ya san kowa, shi ne ya tsaya ranar 1 ga Oktoba 1974 ya ce miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba, shi ne kuma ya kasa taɓa gwamnoninsa da ake ta kuka da su. A watan Yulin 1975 aka kifar da shi yana taro a Kampala. Mutum ɗaya ne, shekarunsa a ofis sun ƙaru, amma kunnensa ya ragu.

Marigayi Muhammadu Buhari kuwa, garin nan ya so shi so na gaskiya, kuma a nan yake da gida. Idan takardar gogewa ake nema, kaɗan ne suka kai shi: gwamnan jihar Arewa maso Gabas a 1975, kwamishinan man fetur na tarayya, shugaban ƙasa na soja, shugaban asusun PTF na rarar kuɗin man fetur. Duk da haka an rantsar da shi a ƙarshen Mayun 2015, ministoci ba su kama aiki ba sai a Nuwamba, alhali farashin ɗanyen mai yana ta faɗuwa, kuma a 2016 tattalin arziki ya karye. Darasin ya yi zafi har sai da aka gyara kundin tsarin mulki a 2023 aka wajabta wa shugaba miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don a kare manomin shinkafa, manufa mai kyau, amma 'yan kasuwar Arewa da masu cefane sun ji a jikinsu. Sauya fasalin naira a farkon 2023 kuwa, duk wanda ya yi layi a bankunan titin Yakubu Gowon bai buƙatar a ba shi labari. A zamaninsa aka buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, a zamaninsa kuma 'yan bindiga suka tare shi ranar 28 ga Maris 2022. Ban kawo wannan don in ci mutuncin wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Na kawo shi ne don mu da muka yi dogon layi muka zaɓe shi mu yarda cewa yawan muƙaman da mutum ya riƙe bai gaya mana yadda zai yi saurin yanke shawara ba, bai kuma gaya mana wa zai bari ya tsaya tsakaninsa da jama'a ba.

To sai ɗan tsaka-tsaki. Shi ma dokar ƙasa tana bayansa. Ba a zama shugaban Najeriya da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma dole a naɗa minista daga kowace jiha. Waɗanda suka rubuta wannan sun ga yadda siyasar yanki ta rusa jamhuriya ta farko, suka so su tilasta wa mai neman mulki ya fita daga gidansu. A ƙasar da Musulmi da Kirista kowa ke da yawan da ba za a iya ture shi gefe ba, shugaban da rabin jama'a ke ganin ba nasu ba ne zai ƙare wa'adinsa yana kashe wuta.

Matsalar ita ce abubuwa biyu mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai tsaka-tsakin da ba komai ba ne face rashin matsayi. A ƙasashen Turai da Amurka ana auna tsakiya ne tsakanin masu son gwamnati ta riƙe tattalin arziki da masu son a bar wa kasuwa. Mu a nan Babangida ya taɓa gwada ƙera mana wannan ma'auni a 1989, da ya kafa SDP da NRC, ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama, amma bai kama ƙasa ba. Dubi manyan 'yan takarar 2023: Atiku ya zauna a PDP da AC da APC, Obi ya bi ta APGA da PDP kafin LP, Kwankwaso ya yi PDP da APC kafin NNPP. Tinubu da Atiku da Obi, dukansu uku sun yi alƙawarin cire tallafin mai. Idan kowa yana tsakiya, kalmar ba ta raba maka kowa da kowa ba. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi tir da Jonathan a Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin zanga-zanga ta dawo da ita 97, su ne suka zo suka aiwatar da abin da kansu. Mai sauya sheƙa duk kakar zaɓe, wanda ke gaya wa kowane taro abin da yake son ji, ba mai sassauci ba ne. Ba ka dai san inda zai tsaya ba ne, shi ma wataƙila bai sani ba.

Wanda ya haɗa siffofin biyu fiye da kowa a tarihinmu shi ne Alhaji Shehu Shagari, shi ya sa labarinsa ya kamata ya tsayar da masu gardamar nan duka. Ya shiga majalisar wakilai tun 1954, ya yi minista a jamhuriya ta farko, ya riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin Gowon. Mutum ne mai haƙuri, ba ya ƙullatar kowa. Da ya zama shugaban ƙasa a 1979 ya ɗauki Alex Ekwueme, ɗan ƙabilar Ibo, mataimaki shekara tara kacal bayan yaƙin basasa, ya ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe, ya yi wa Gowon da Ojukwu afuwa suka dawo gida. Gogewa ta cika, sassauci ya cika. Amma da kuɗin mai ya ragu, sai a 1982 aka ɗauki matakin tsuke bakin aljihu, bayan an riga an ɓarnatar da rarar wajen shigo da kaya, kuma bai iya taka wa manyan jam'iyyarsa birki ba. Ranar 31 ga Disambar 1983 soja suka dawo, jama'a da yawa suka yi murna. Halin da ya sa kowa ke jin daɗin zama da shi, shi ne ya hana shi ce wa na kusa da shi a'a.

Ɗaya tsaka-tsakin, na gaskiyar, mu a Kaduna mun gan shi, mun kuma ga kishiyarsa. Malam Balarabe Musa ya ci gwamna a 1979 a ƙarƙashin PRP, magajiyar NEPU, ya soke haraji da jangali, kuma har ya koma ga Allah a 2020 jama'a sun shaide shi da gudun abin duniya. Amma majalisar jiha tana hannun NPN, jam'iyyar Shagari. Ya kai sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake kaiwa suka ƙi, shi kuma bai yarda ya raba muƙaman da su ba. Haka ya yi kusan shekara biyu ba kwamishina, har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, 'yan majalisar sun zo da niyyarsu. Sai dai talakan da ya zaɓe shi don ya yi masa aikin shekara huɗu bai samu ba. Duk wanda ke cewa shi mai aƙidar da ba ta lanƙwasuwa yake so ya tuna cewa shugaban ƙasa ma sai da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 zai yi kasafi.

Shekara 19 bayan haka Gwamna Ahmed Makarfi ya tsinci kansa a cikin abin da ya fi wannan muni. Rikicin shari'a na Fabrairun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, shi ne ya tsaga garin nan gida biyu, Musulmi suka tattara zuwa Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sarki, Kirista suka haye kogi zuwa Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. Hanya mafi sauƙi a siyasance ita ce ya bi sahun Zamfara gaba ɗaya ya samu tafi a wani ɓangare, ko ya ƙi gaba ɗaya ya samu tafi a ɗayan. Bai yi ko ɗaya ba. A 2001 aka kafa kotunan shari'ar Musulunci ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, kotunan gwamnati na nan ga kowa. Ya kuma ƙirƙiro sababbin masarautu a kudancin jihar, ya taɓa wani tsohon ƙorafi da ke cin mutane tun kafin rikicin Zangon Kataf na 1992. Kowane ɓangare ya samu waɗanda suka zage shi, na nan suka ce ya yi wa shari'a kwaskwarima, na can suka ce ya shigo da ita ta bayan gida. Abin bai zama maganin komai ba nan take, don a Nuwambar 2002 an sake zubar da jini kan gasar sarauniyar kyau. Amma daga nan garin ya samu shekaru na numfashi har zuwa rikicin bayan zaɓen 2011. Abin lura, Makarfi bai zo da wata doguwar gogewa ba, kwamishinan kuɗi ya riƙe kafin nan. Tsakiyar da ya tsaya ta jawo masa asara a wurin nasa, kuma wannan asarar ita ce shaidar cewa matsayi ne ya ɗauka, ba gudun matsayi ya yi ba.

Malam Nasiru El-Rufa'i ya zo ta ɗaya ƙofar a 2015, da gogewar hukumar sayar da kadarorin gwamnati da ta ministan Abuja, kuma ba mutum ne mai jan ƙafa ba. Titunan da aka faɗaɗa da gadar Kawo suna nan kowa yana bi. Ya sallami malaman firamare fiye da dubu 21 a kan jarrabawar 2017, ya rushe kasuwanni don sake gina su, ya ɗauki mataimakiya Musulma a 2019, ya tsaya kan cewa ba zai biya kuɗin fansa ba a lokacin da aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a 2021. Har gobe mutanen Kaduna ba za su haɗu a kan hukunci ɗaya game da shi ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne mutanen kudancin jihar da dama sun ji an bar su a waje, kuma zaɓen gwamna na 2023 jam'iyyarsa da ƙyar ta sha, da tazarar ƙuri'a wajen dubu 11. Iya aiki da iya tafiya da mutane baiwa biyu ne, kuma kujerar shugaban ƙasa ta fi ta gwamna buƙatar ta biyun.

Idan aka ce in nuna inda basirar ta bayyana a matakin ƙasa, zan nuna Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda gogewarsa shekara takwas ce a Katsina. Ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibi, ya kafa kwamitin Mai shari'a Uwais don gyara, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009 lokacin da wasu ke ganin ƙarfin soja ne kaɗai mafita. Amma shi ma ba a wanke shi tas ba. A zamaninsa aka warware cinikin matatar man Kaduna da aka yi a ƙarshen mulkin Obasanjo, jama'a suka yaba, ga matatar nan har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba. Tafiyarsa jinya a Nuwambar 2009 ba tare da miƙa ragama ga mataimakinsa ba ta jefa ƙasa cikin ruɗani na watanni. Lafiyar ɗan takara da gaskiyarsa game da ita suna cikin abin da za a auna, komai ƙaunar da ake yi masa.

To wanne za ka ba ƙuri'arka, ɗan'uwa? Ga yadda ni nake auna su. Idan aka ajiye mini tsohon hannu wanda tarihinsa ya nuna ba ya sauraron kowa, da kuma mai sassauci wanda bai daɗe a fage ba amma akwai ranar da ya ɓata wa mutanensa rai don a yi adalci, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ana iya ɗauko ƙwararru su cike giɓin ɗan koyo, kamar yadda Gowon ya yi a 1967, amma ba wanda zai iya shiga zuciyar shugaba ya sa masa kunne. Idan kuwa mai sassaucin irin wanda ba a taɓa jin ya tsaya kan komai ba ne, wanda duk shekarunsa a siyasa ba wanda ya taɓa fushi da shi, to gara tsohon hannun, da sharaɗin an taɓa kayar da shi ya haƙura, ko kotu ta yanke masa hukunci ya bi. Kiran wayar da Jonathan ya yi wa Buhari a ƙarshen Maris 2015, tun kafin a gama sanar da sakamako, ya tsare rayukan da mu a Kaduna muka san adadinsu zai yi yawa, don mun ga abin da ya faru a Zonkwa da Kafanchan a 2011.

Saboda haka kada ka tsaya ƙirga masa shekaru da muƙamai. Nemo hukunci biyu ko uku masu wuya da ya taɓa yankewa, ka ga wa ya saurara kafin ya yanke, wa ya ɗauki nauyin abin, kuma da abin ya ɓaci ya gyara ko ya kafe. Cire tallafin mai misali ne: kusan duk masana sun yarda tsarin ya ruɓe, amma sanar da cire shi ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, kafin a tanadi abin rage raɗaɗi, sannan a saki naira makonni kaɗan bayan haka, zaɓi ne na lokaci da tsari. Masu goyon baya suna cewa da an jinkirta ba za a taɓa yi ba, masu sayen masara a mudu suna da tasu amsar. A irin wannan wurin ake gane shugaba, ba a takardar manufofin jam'iyya ba. Ka kuma saurari abin da ɗan takara ke faɗa da Hausa a gidan rediyo, ka gwada da abin da yake faɗa da Turanci a Legas ko a coci a Kudu. In maganar ta zama biyu, ka san irin tsakiyar da yake.

Mutanen jihar nan sun riga sun nuna suna iya rarrabewa. A 2023 Atiku ne ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa a Kaduna, Tinubu na biyu, Obi ya samu kusan ƙuri'a dubu 300, sannan bayan makonni uku aka ba APC kujerar gwamna. Abu ɗaya da nake ganin har yanzu muna sakaci da shi shi ne mataimaki, alhali ba jihar da ta kai mu sanin muhimmancinsa. A 2010 rasuwar 'Yar'aduwa ta ɗaga Jonathan, ta kai Namadi Sambo Abuja, ta ɗora Patrick Yakowa a gidan gwamnati na Sir Kashim Ibrahim. A Disambar 2012 hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ya sake miƙa kujerar ga Ramalan Yero. Wanda ɗan takara ya ɗauka mataimaki shi ne babban hukunci na farko da yake yankewa a gaban jama'a tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Ka duba ko ya ɗauko wanda zai iya riƙe ƙasar gobe in ta Allah ta kasance, ko kuwa wanda zai kawo masa ƙuri'un wani yanki kawai ya zauna shiru shekara huɗu.